Kwana Goma

Sajan ya miƙo takarda, tawadar hatimi ba ta bushe ba.
"Kwana goma, Tregear. Je ka dawo mutum."
Na ƙirga da yatsu: gida mako shida ne bisa teku.
Ina mai kwana goma zai dosa
in garinsu ya fi ƙarfin kwanakinsa?

A Boulogne suka turara kayanmu.
Ƙwarƙwata ta mutu, ƙaiƙayi ya biyo ni.
Jirgin ruwa, amai, jirgin ƙasa, Landan.
Wata dattijuwa a tasha ta ba ni shayi,
ta ce, "Ɗana, yaya can ɗin?"
Na ce, "Akwai taɓo."
Ta yi dariya. Na taya ta.

Gadon masauki fari fat, laushi kamar kitse.
Na kwanta, ya fara haɗiye ni,
sai na sauko daɓe, na yi matashi da takalmi.
Shiru ne ya hana ni barci.
Kunnen da igwa ta rena
ba ya yarda da daren da bai ce komai ba.

Wani hafsa mai sandar ado ya tsare ni a titi
don ban sara masa ba.
Na dubi takalminsa, har fuskata na gani a ciki.
Da dare a gidan wasa aka buga babban ganga,
na farga ina ƙarƙashin kujera,
hulata a hannun wata yarinya
da ta rasa inda za ta ajiye idonta.

Rana ta biyar na yi arewa, Peebles,
agogon Ewan Dalgleish a aljihun ƙirjina.
Tumaki masu baƙar fuska a kan tuddai,
na kama kaina ina ƙirga su,
hannuna na neman almakashin sausaya.
Gwaggonsa Isobel ta buɗe ƙofa,
ta ga hular, ta ga ba shi ba ne.
Ta dafa ƙwai biyu, ta zauna tana kallon ina ci.
Can ta ce, "Ya sha wuya?"
Na ce, "Nan take ne, ko sani bai yi ba."
An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
To, ta yi furen.
Ni na kwana biyu ina jin kiransa daga bayan waya,
wannan kuwa nawa ne, ba na rabawa.

Ta wana agogon, ya kama tafiya.
Ta ɗauko safar da ta saƙa masa ba ta aika ba.
Ta yi mini daidai.
Wannan ya fi komai ciwo.

Saura kwana biyu, ruwa ya kora ni
cikin wani ɗakin gilashi a lambun Kew.
Can a lungu, cikin tukunya,
ga bishiyar turare irin ta bayan gidanmu,
siririya, an rataya mata suna a wuya.
Na tsinki ganye, na murza.
Sai ga Charleville: jar ƙasa, kwanon rufi yana ƙara da zafi,
Winifred tana kiran karnuka,
Baba yana zagin famfon rijiya.
Mai gadi ya ce, "Ba a taɓawa, soja."
Na ce, "'Yar garinmu ce."

Na rubuta kati: Ina lafiya.
Na ga fadar sarki daga waje. Abinci da daɗi.
A gaida Baba.

Tashar Victoria, asuba.
Kowane soja da mai kuka a kafaɗarsa,
ni da jakata.
Abin kunyar da ba zan rubuta wa Winifred ba:
da jirgin ya motsa, sai na ji sanyi a rai.
Zan koma wurin waɗanda ba sa tambaya.

Ganyen yana cikin littafin albashina.
Ya bushe, ya karye biyu.
In na kai hanci sosai, har yanzu.